Wutar dare mai araha a Birtaniya: kafin ka amince, je ka karanta mitarka

Sanyina na farko a Ingila na yi shi ne a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo a hawa na uku, babu gas ko na ɗigo, komai da lantarki. Ranar da ejan ya miƙo mini makulli ya ce gidan yana kan Economy 7, wuta tana araha da dare. Na ce madalla, ban ƙara tambaya ba. A jikin bangon kowane ɗaki akwai wani farin akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya. Na murɗa duk abin da ke murɗuwa a jikinsa ban ji ɗumi ba, sai na yanke hukunci lalatacce ne, na kashe shi daga bango, na je na sayo 'yar hita mai fanka guda biyu. Daga la'asar har sha ɗayan dare suna hura mana iska mai zafi, muna ta sa wa mai ƙera su albarka. Da takardar kuɗin wuta ta watan Janairu ta iso, sai da na nemi wuri na zauna. Ashe duk wutar da muka sha a sa'o'in tsada muka sha ta, akwatin da aka kafa don ya ci moriyar arahar kuwa ni da hannuna na kashe shi.

Mu da muka taso a Najeriya ba mu saba da wannan lissafi ba. A gida, kuɗin yunit ɗaya ne ko da hantsi ka kunna dutsen guga ko da tsakar dare. Abin da ke raba mu shi ne layin da unguwa take kai, Band A ne ko B, wato awa nawa aka yi alkawarin ba ku wuta a rana. Babbar damuwarmu a kawo ta. A nan da wuya ka ga an ɗauke wuta, amma a wasu gidajen agogo yana da ta cewa a kan abin da za ka biya.

Tsarin Economy 7 ya daɗe, tun 1978 aka fara shi. Dalilinsa kuwa, manyan tashoshin da ke samar da lantarki a wancan zamani, na kwal da na nukiliya, ba a kashe su da dare a kunna da safe kamar janareto. Jama'a sun yi barci, masana'antu sun tashi, wuta ta yi yawa babu masu sha. Sai aka ce a karya mata farashi na awa bakwai don a jawo mutane. Bakwai ɗin da ke cikin sunan ke nan. Akwai kuma ɗan'uwansa Economy 10, wanda ke rarraba awa goma tsakanin dare da rana da yamma, sai dai ba kowane kamfani ke bayar da shi ba.

Ga inda ejan bai ƙarasa mini magana ba: arahar dare da tsadar rana ake biyanta. A sauran awa 17 ɗin, yunit ya fi tsada a kan na wanda ke biyan farashi ɗaya dare da rana. Kamfani bai yi maka kyauta ba, ciniki ya yi da kai. In ka iya kai babban kaso na shan wutarka cikin dare, ka ci riba. In ba ka iya ba, shi ya ci.

Mu ƙaddara da lambobi, don a ga yadda abin yake. Waɗannan misali ne kawai, naka farashin yana rubuce a takardarka. A ce mai farashi ɗaya yana biyan peni 26 a yunit, kai kuma kana biyan 32 da rana, 17 da dare. Gidan da ke shan yunit 300 a wata, 60 kacal daga ciki da dare, zai biya fam 87. Da yana kan farashi ɗaya, fam 78 zai biya. Ya yi asarar fam 9 a kan tsarin da aka ce masa na rangwame ne. Amma gidan da ke ɗumama ɗakuna da ruwa da wutar dare, wanda a tsakiyar sanyi ya sha yunit 900, 600 daga ciki da dare, fam 198 zai biya maimakon 234. Da waɗannan lambobin, sai wutar darenka ta kai kashi 40 cikin 100 kafin ka tashi babu ci babu asara, kuma kusan nan ne masu ba da shawara kan kuɗin wuta a ƙasar suka saba sa iyaka. In kana so ka fitar da taka iyakar, cire farashi ɗaya daga farashin rana, ka cire farashin dare daga farashin rana, sannan ka raba amsar farko da ta biyu. A misalinmu 6 ne a raba da 15. Kada ka manta da kuɗin kullum da ake caza ko ba ka kunna ko kwan fitila ba, wanda suke rubutawa standing charge. Shi ma yakan bambanta daga wannan tsari zuwa wancan.

To ta yaya za ka san kasonka? Mita ce za ta faɗa maka, ba hasashe ba. Mitar wannan tsari tana nuna lambobi kashi biyu. Wata an rubuta low da normal, wata R1 da R2, wata 1 da 2 kawai. Kar ka ɗauka cewa 1 lallai ita ce ta rana, domin ba doka ba ce. Ɗauki hoton lambobin biyu da safe wajen ƙarfe tara, ka sake ɗauka da yamma. Wadda ta motsa ita ce ta rana. Daga nan ka rubuta su yau, ka koma bayan mako guda ko biyu, ka ga nawa kowacce ta ƙaru. Sai dai makon Yuli da makon Janairu ba ɗaya ba ne a ƙasar nan, don haka in za ka iya samun lissafin shekara guda daga kamfani, ya fi. Kuma tun da kana wurin, kwatanta da takardar da aka aiko maka. Yakan faru a juya lambobin, a caje ka kuɗin rana a kan wutar dare.

Awa bakwai ɗin ma ba lokaci ɗaya suke farawa ko'ina ba. Galibi suna faɗowa tsakanin sha ɗayan dare da takwas na safe, wani gidan sha biyu zuwa bakwai, wani sha biyu da rabi zuwa bakwai da rabi. Tsofaffin mitoci da yawa ba sa bin canjin agogo da ake yi a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, saboda haka da bazara arahar takan makara da awa guda. Kira kamfaninka su gaya maka naka lokacin takamaimai.

Yanzu mu koma kan farin akwatin nan nawa, domin a gaskiya shi ne zuciyar maganar. Sunansa storage heater, ni ina ce masa hita mai bulo, saboda bulo ne jere a cikinsa. Da dare yana jan wuta ya gasa bulon, da rana bulon ya riƙa sakin zafi sannu a hankali, kamar yadda katangar ƙasa ke riƙe zafin rana har bayan isha'i a watan Afrilu. Babba daga cikinsu yana jan kilowat 3.4, wato in ya cika cikinsa na awa bakwai ya sha kusan yunit 24 a dare ɗaya. Ka ga dalilin da ya sa gida mai irinsa biyu ko uku ba ya rasa cika kashi 40 a lokacin sanyi. Tsofaffin suna da maɓalli biyu. Wanda aka rubuta input shi ke ƙayyade yawan zafin da zai tara, kuma sai ka duba hasashen yanayin gobe ka saita shi tun yau. Wanda aka rubuta output shi ke buɗe ƙofar da zafin ke fita. Kuskuren kowa shi ne barin output a buɗe duk dare da duk safiya, sai a dawo aiki ƙarfe shida a tarar bulo ya huce. Rufe output ɗin kafin ka kwanta, ka bar shi a ƙasa in za ka fita, ka buɗe da yamma. In ka kunna akwatin yau, sai gobe za ka ji ɗumi. Wannan jinkirin ne ya ruɗe ni na ce ya lalace. Kuma don Allah kada a shanya kaya a kansa, komai jiƙewar zanen gado.

Tankin ruwan zafi ma haka yake. Yana dafa ruwa da dare, ku yi amfani da shi da rana. Akwai maɓallin boost na ƙarin zafi in ruwa ya ƙare, amma da kuɗin rana yake aiki, kuma in aka manta shi a kunne ya zama ɓarawon cikin gida. Wani abin lura: in shawar banɗakinka irin mai akwati a bango ce wadda ke dafa ruwanta nan take, ba ruwanta da tanki. Tana jan kilowat takwas zuwa goma, kuma farashin lokacin da ka shiga wanka shi za ka biya. Mai wanka bayan sallar asuba a watan Disamba yana iya dacewa da araha, mai wanka ƙarfe tara kuwa ya makara.

A ganina, gidan da ke da gas, tukunyar gas ce ke ɗumama ɗakuna da ruwa, ba shi da abin nema a wannan tsari, sai fa in akwai mota mai caji. Firij da firiza da ke aiki dare da rana ba za su kai ka ko'ina ba, domin awa 7 cikin 24 bai kai kashi 30 ba ma. Girkinmu kuma ba na dare ba ne. Uwargida da ke gida da yara, ta ɗora wake, ta ɗora ganda ko kan saniya ya yi awa uku a kan murhun lantarki, ta tuƙa tuwo da yamma, ga talabijin, ga injin wanki yana juya kayan makaranta, duk wannan a sa'o'in tsada ne. Wani zai ce ai da azumi ana girkin sahur cikin dare. Gaskiya ne, amma wata ɗaya ne cikin sha biyu, kuma girkin buɗa-baki ya fi na sahur yawa nesa ba kusa ba.

Masu aikin dare, kamar 'yan'uwanmu da yawa da ke aikin kula da tsofaffi da na asibiti, nasu lissafin daban ne, kuma sau da yawa ya fi daɗi. Hita mai bulo ta fi ɗumi da safe zuwa azahar, daidai lokacin da suka dawo suka kwanta. Wanda ke fita bakwai na safe ya dawo bakwai na yamma shi ne ya fi kuka da ita.

Za ka ji ana cewa ka saita injin wanki da na busar da kaya su yi aiki ƙarfe biyun dare. Ni ba na ba da wannan shawara. Hukumomin kashe gobara, har da ta Landan, suna gargaɗin kada a bar waɗannan injuna suna aiki mutane na barci, musamman na busarwa. Abin da za ka rage a wanki ɗaya 'yan peni ne. In dai kana tashi asuba, kunna shi kana farke, ka yi sallarka da azkar ɗinka yana juyawa, kafin lokacin araha ya fita. Maƙwabcin da ke ƙasanka ma zai fi gode maka.

Akwai wata matsala da ta shafi tsofaffin mitoci. Wasunsu da siginar rediyo ake umartarsu su juya daga farashin rana zuwa na dare, siginar da ke tafiya a kan dogon zangon BBC Radio 4. Ana kiran tsarin RTS, kuma tun 30 ga Yuni 2025 aka fara kashe shi daki-daki. In ka ga wani ƙaramin akwati kusa da mitarka an rubuta Radio Teleswitch a jiki, kira kamfani su musanya maka, ba a biyan ko sisi. In aka bari, hita da tanki suna iya rikicewa, su ƙi kamawa ko su ƙi tsayawa. Sabuwar mitar zamani da suke sakawa tana iya aiki da farashi ɗaya ko biyu, kuma da ita ne ake shiga sababbin tsare-tsare irin Octopus Go na masu motar lantarki, inda awannin arahar ba su kai bakwai ba amma rangwamen ya fi zurfi.

In lissafi ya nuna maka tsarin bai karɓe ka ba, kana da ikon canzawa muddin sunanka ne a kan takardar kuɗin wuta, ko da haya kake. Kamfanoni da dama suna iya haɗa lambobin biyu su caje ka farashi ɗaya ba tare da an taɓa mita ba. In kuma sai an canza mitar, sanar da mai gidan tukuna, ka duba yarjejeniyar haya. Sauya kamfani yanzu kwana biyar na aiki yake ɗauka, kana kuma da kwana 14 na fasawa. Hukumar Ofgem, mai sa ido a kan harkar, tana sabunta iyakar farashi duk wata uku, saboda haka lissafin da ka yi bara ba lallai ya tsaya bana ba. In kun saɓa da kamfani aka yi mako takwas ba a warware ba, sai ka kai ƙara wurin Energy Ombudsman, kuma Citizens Advice suna taimakawa kyauta. Wanda kuɗin wutarsa ke cikin kuɗin haya, kamar ɗalibai da yawa, duk wannan ba ciwon kansa ba ne sai ranar da ya kama gidan kansa.

'Yan'uwa na Nijar da ke Faransa, irin wannan ne kuke gani an rubuta heures creuses, sai dai naku awa takwas ne, kuma a wasu wuraren wani ɓangarensa da rana tsaka yake faɗowa. Lissafin dai bai canza ba.

Ni a ƙarshe ban bar tsarin ba a wancan gidan. Na mayar da hita mai bulo kan aiki, na tura masu fankar ƙarƙashin gado, na liƙa 'yar takarda a kan maɓallin boost don kada baƙi su taɓa. Da muka koma gida mai gas bayan shekara biyu, na tarar da mita mai lamba biyu a can ma, ragowar zamanin da gidan ke da hita mai bulo kafin a cire su. Wutar darenmu a makon farko kashi 18 ce, a mako na biyu na kira kamfani suka mayar da mu farashi ɗaya.