Kurakuran sabon shiga ƙira, na gaji da maimaita su

Ni ba ɗan gidan ƙira ba ne, sha'awa ce ta kai ni. Asabar da Lahadi nake zuwa maƙerar wani tsoho da nake ce wa Baba a bayan kasuwarmu, ina masa zuga yana nuna min hannu. Yanzu kuma duk wanda ya ga Bature a YouTube ya fitar da wuƙa daga sifirin mota sai ya zo da tambaya, in ba shi amsa, ya je ya yi daidai abin da na hana shi. To ga shi a rubuce.

Na farko dai ƙarfen da kuke kwasowa wajen 'yan gwangwan. Don Allah duk ƙarfen da ka ga yana da farin shafe, irin bututun famfo ko kwanon rufi ko wasu kusoshi da notoci masu sheƙi, kada ka sa shi a wuta. Zinki ne a jikinsa. Ni na yi, na jefa guntun bututu a wuta a cikin zauren gidanmu, ƙofa a tsuke saboda iska, wani farin hayaƙi ya tashi ina ta zuga abina ina ganin ai wuta ce ta kama da kyau. Cikin dare sai sanyi da rawar ɗari, kai kamar zai tsage, bakina ɗanɗanon ƙarfe, mutanen gida har sun fara cewa maleriya ce. Kwana biyu ban iya komai ba. Da na ba Baba labari ko tausaya min bai yi ba, cewa ya yi yaro wa ya aike ka hura wuta a ɗaki? Gawayi kansa in ba iska yana kashe mutum shiru. Wasu suna cewa a jiƙa ƙarfen a ruwan tsami ya cinye shafen, ni kam ba na ma sayensa, kuma ba na ƙira sai a fili ko ƙarƙashin rumfa.

Sai maganar tsoma ƙarfe a ruwa don ya yi tauri, nan ne raina ya fi ɓaci. Kwana uku na yi ina bugun wuƙa daga sifirin, na goge ta da magagari har tana ɗaukar ido, na mai da ta wuta ta yi jajir na cusa ta a bokitin ruwan sanyi. Sai na ji ƙas. Na ɗago na ga tsaga tun daga baki har gadon baya. Wallahi zama na yi a ƙasa. Sifirin ƙarfe ne mai tauri, ruwa ya yi masa tsanani, mai yake so. Yanzu man gyaɗa nake ɗumamawa kaɗan a gwangwanin ƙarfe, ba roba ba, da murfi a kusa saboda yakan kama da wuta. Baƙin man inji da wasu ke amfani da shi hayaƙinsa ba na alheri ba ne, na bar shi. Kuma ku daina hasashen zafi da ido a tsakar rana, rana tana ɓoye jan ƙarfe. Maganaɗisun tsohuwar sifika nake ratayewa kusa, ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius ya daina kama maganaɗisu, sai in ƙara masa wuta kaɗan sannan in tsoma. Ba a nan aka gama ba fa, wuƙar da ta fito daga mai kamar gilashi take, in ta faɗi ƙasa za ta iya karyewa. Goge ta ka sake ɗumama ta a hankali har bakin ya yi launin karan dawa busasshe, ka tsaya. In ya koma shuɗi ka wuce gona da iri, ta yi laushi.

Ku kuma masu zuga kamar kuna faɗa da zugazugin, in ka ga ƙarfe yana fesa tartsatsi a cikin wuta ai ka ƙone shi, yanke wurin ka jefar. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so don yana riƙe wuta, a farfasa shi ƙanana. Wanda kuma ya tsaya hira har ƙarfe ya huce sannan ya hau bugu, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, in jan ya tafi mai da shi wuta.

Guduma mai kilo uku ba jarumta ba ce, kilo ɗaya ya ishe ka, in ba haka ba gwiwar hannunka za ta faɗa maka. Rodi ba shi da tabbas, yi ƙugiya da shi, ban da wuƙa. Awartakin da bai kama ƙarfe tsam ba, a fuskarka ko ƙafarka zai sake shi. Silifas da rigar leda a maƙera, haba, auduga da takalmi rufaffe, da tabarau.

Kuma wai kowa takobi zai fara da shi. Baba wata guda ya sa ni ina fiƙe rodi ina lanƙwasawa kafin ya bar ni na taɓa lauje.

Ƙarfen da ya koma baƙi ma yana ƙuna. Tabon yana nan a tafin hannuna na hagu, na ɗauki wani guntu a gefen uwar maƙera, wato ƙarfen da ake bugu a kai, ina zaton na jiya ne.