Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Shiga Shirin Hutu Na Jami'a Don Gane Aikin Da Ya Dace Da Shi

A Amurka, jami'o'i da dama ba sa kulle ƙofofinsu idan ɗalibansu sun tafi hutun bazara, daga watan Yuni zuwa Agusta. Sukan buɗe ɗakunan kwana da ɗakunan gwaje-gwaje ga yaran sakandare, su zauna mako ɗaya ko biyu, wani lokaci har mako shida, suna sauraron malaman jami'a, suna taɓa kayan aiki da hannunsu, suna kuma yi wa waɗanda suka riga su shiga fagen tambayoyi. Manufar ita ce yaro ya ga yadda aikin likita ko injiniya ko lauya yake a zahiri, tun kafin ya ɗaure kansa da karatun shekara biyar ko shida. Wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye suna karɓar 'yan Afirka, har akwai waɗanda ba a biyan ko kwabo, amma sau da yawa labarinsu yakan iso wa yaranmu bayan an rufe karɓar takardu. Ga yadda ɗalibi da iyayensa za su bi lamarin tun daga tushe.

Mataki na farko: a fara tun ana aji ɗaya ko aji biyu na babbar sakandare

A Najeriya zaɓin sana'a yana zuwa wa yaro da wuri fiye da yadda iyaye suke zato. Da zarar ya gama ƙaramar sakandare za a raba shi zuwa ajin kimiyya ko na fasaha ko na kasuwanci, idan kuma ya zo cike fom ɗin JAMB, darussa huɗun da zai rubuta su ne za su yanke masa kwas ɗin da zai iya nema. Mai son likitanci zai haɗa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, mai son injiniyanci zai sa Lissafi a madadin Bayoloji, mai son karatun lauya kuwa ba makawa sai ya rubuta Adabin Turanci. Wanda ya jira har aji uku, ya riga ya makara ta fuska biyu: ya gama zaɓar darussansa, kuma yawancin shirye-shiryen ba sa ɗaukar wanda yake shekararsa ta ƙarshe.

Akwai kuma batun kalanda. Shirin da za a yi a watan Yuli ana rufe neman shigarsa tun tsakanin Nuwamba da Fabrairu, saboda haka a fara bincike da zarar an koma makaranta a watan Satumba. A kuma lura cewa dogon hutun makarantun Najeriya yana farawa ne wajen ƙarshen Yuli, don haka zangon da ya faɗo a watan Yuni zai ci karo da jarrabawar zango na uku, sai an nemi izinin shugaban makaranta a rubuce.

Mataki na biyu: a taƙaita abin da ake son ganowa

Kafin a buɗe wani shafin intanet, ɗalibi ya zauna ya rubuta fannoni biyu ko uku da zuciyarsa take kaiwa da komowa a kansu, tare da dalilin kowanne. Idan dalilin shi ne "Baba ya ce" ko "ana samun kuɗi", to a rubuta haka ɗin ba tare da kunya ba, domin irin wannan dalili shi ne ya fi buƙatar a gwada shi. Yaron da bai san abin da yake nema ba zai je ya dawo da hotuna masu kyau, amma tambayar da ta kai shi tana nan yadda ya bar ta.

Mataki na uku: a zaɓi shirin da ya dace da yaron da kuma aljihun gida

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Yale Young African Scholars, shirin da Jami'ar Yale ta tsara musamman domin ɗaliban sakandaren Afirka. Ana gudanar da shi na kwanaki kaɗan, an yi shi a ƙasashe irin su Ghana da Ruwanda da Zimbabuwe, akwai kuma wanda ake yi ta intanet, sannan ba a biyan kuɗin karatu. Ƙarfinsa yana wajen tattaunawa a ƙananan rukunoni kan fannoni daban-daban da kuma koya wa yaro yadda ake neman jami'a, don haka ya dace da wanda har yanzu yake lalube. Jami'ar tana da wani shirin na mako biyu a harabarta da ke New Haven, mai suna Yale Young Global Scholars, na 'yan shekara 16 zuwa 18, inda ɗalibi yake zaɓar ɓangare guda, kamar kimiyya da ƙere-ƙere, ko siyasa da shari'a da tattalin arziki. Kuɗin wannan ya haura dala 6,000, amma ana ba da tallafi gwargwadon halin gida, kuma dole a nemi tallafin a lokacin da ake cike fom.

Ga 'yan mata masu sha'awar kwamfuta da injiniyanci akwai TechGirls, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fara a 2012 domin 'yan shekara 15 zuwa 17. Ana horar da su a Jami'ar Virginia Tech, a haɗa su da ma'aikata su wuni tare a wurin aiki, sannan kowacce ta dawo gida da wani aikin da za ta gudanar a unguwarsu ko makarantarsu. Can ƙololuwa kuma akwai Research Science Institute, wanda aka fara a 1984 kuma ake yi a jami'ar kimiyya da ƙere-ƙere ta MIT da ke Amurka na tsawon mako shida kyauta: mako guda na laccoci, sauran kuma bincike na gaske a ƙarƙashin wani masani, a ƙarshe ɗalibi ya rubuta rahoto ya kuma gabatar da shi a gaban jama'a. Yara kusan 100 kacal ake ɗauka a shekara daga faɗin duniya, kuma an yi shi ne domin wanda ya riga ya yi nisa a lissafi ko kimiyya, ba mai neman inda zai dosa ba.

A nan ne iyaye suke buƙatar taka tsantsan. Manyan jami'o'i da yawa suna da shirye-shiryen bazara na biya, waɗanda kuɗinsu yake kaiwa dubban daloli, kuma halartarsu ba ta ba yaro wani alkawarin samun gurbin karatu a jami'ar. A ganina bai kamata a sayar da fili ko a ci bashi saboda takardar shaidar halartar mako biyu ba, komai girman sunan da yake kanta. Haka kuma duk wani dillali da ya ce a ba shi kuɗi zai samar wa yaro gurbi, a guje shi, domin ana neman waɗannan shirye-shirye ne kai tsaye a shafin jami'ar. Mai son shawara kyauta ya tuntuɓi cibiyar EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas, kuma kowace shekara a sake duba sharuɗɗa da jerin ƙasashen da aka amince da su, saboda suna canzawa.

Mataki na huɗu: a haɗa takardu, a kuma ba rubutu haƙƙinsa

Abubuwan da aka saba nema su ne sakamakon jarrabawar zangunan baya mai ɗauke da hatimin makaranta, da wasiƙar shaida daga malami, da jerin ayyukan da ɗalibi yake yi a wajen aji, da gajerun rubuce-rubuce cikin Turanci. Game da wasiƙar, a zaɓi malamin da ya san yaron da gaske, ko da ba shi da babban muƙami, a sanar da shi aƙalla wata guda kafin ranar rufewa, a kuma tabbatar yana duba imel ɗinsa, domin ta nan ake aiko masa da hanyar tura wasiƙar, kuma fom da yawa sukan mutu a wannan gaɓar.

Jerin ayyuka ya kan ba yaranmu tsoro, saboda suna ganin ba su da ƙungiyar muhawara ko gasar ƙera mutum-mutumin inji da za su ambata. Alhali yarinyar da take riƙe da littafin lissafin shagon mahaifiyarta, da yaron da yake koyar da ƙanana a Islamiyya, da wanda yake wuni a shagon gyaran waya ko yake kula da awakin gida, duk suna da abin faɗa, kuma masu tantancewa suna ɗaukar irin wannan nauyi da muhimmanci idan an bayyana shi dalla-dalla: me ake yi, tun yaushe, awa nawa a mako.

Rubutun shi ne inda ake rabuwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗewa da cewa tun ana yaro ake son taimakon al'umma, jimlar da masu tantancewa suke karantawa sau ɗaruruwa. Abin da ya fi shi ne a ɗauki abu guda ƙarami da ɗalibi ya gani da idonsa, misali yadda tumatir yake ruɓewa a kasuwa lokacin kaka saboda rashin wurin adanawa, a faɗi tambayar da hakan ya tayar masa, da abin da ya yi don neman amsa, da abin da har yanzu ya shige masa duhu. Malami ko yaya yana iya gyara nahawu, amma kada wani ya rubuta masa, kada kuma a kwafo daga intanet, domin wasu shirye-shiryen suna yin hira da ɗalibi, kuma a nan rubutun aro yake tonuwa.

Mataki na biyar: fasfo, biza da yardar gida

A nemi fasfo tun kafin sakamako ya fito. Dokokin bizar Amurka sun tsananta tun daga 2025, har an hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan, don haka mai hikima zai haɗa da neman shirin da ake yi a cikin Afirka ko ta intanet. Iyaye kuma, musamman na 'ya'ya mata, suna da haƙƙin su rubuta wa masu shirin su tambayi yadda aka raba ɗakunan kwana, da wanda yake kula da yara da dare, da batun abincin halal da wurin salla. Gara a yi waɗannan tambayoyi tun farko da a hana yarinya tafiya bayan an ɗauke ta.

Mataki na shida: abin da za a yi idan an isa

Lacca tana da daɗin ji, amma ba ita take nuna wa mutum sana'a ba. Ɗalibi ya nemi ɗaliban jami'ar da suke kula da su, da masu digiri na biyu da na uku da suke wuni a ɗakin gwaje-gwaje, ya tambaye su yadda ranar aikinsu take tafiya daga safe zuwa yamma, da ɓangaren aikin da ya fi gundurarsu, da kwas ɗin da ya fi kayar da mutane, da inda abokan karatunsu suke aiki yanzu. Kowace sana'a tana da ɓangaren da ba a nunawa a talabijin: lauya yana shafe mafi yawan lokacinsa yana karanta takardu ne, injiniyan manhaja yana iya kwana biyu yana neman kuskure guda a cikin rubutunsa, mai bincike kuma yana maimaita gwaji ɗaya har sai ya gaji. Wanda ya ga wannan ɓangaren ya ji zai iya jurewa, ya sami amsar da ta fi kowace takardar shaida.

Kowane dare ya rubuta layi uku ko huɗu a littafinsa: abin da ya yi har lokaci ya wuce bai sani ba, da abin da ya yi ta duba agogo yana jiran a tashi. Ya raba tsakanin son malami da son fanni, domin malami mai barkwanci yana iya sa kowane darasi ya yi armashi. Idan kuma ya gano cewa ganin jini yana juya masa ciki, ko zane da lissafin gini ba sa shigarsa, to kada a ɗauka tafiyar ta tashi a banza, domin sanin hakan a mako biyu ya fi sauƙi a kan saninsa a aji uku na jami'a.

Mataki na bakwai: bayan an dawo, ko idan ba a samu ba

Cikin makon farko da dawowa, ɗalibi ya zauna da iyayensa da malamin ba da shawara na makaranta, a buɗe littafin nan tare da kundin JAMB, a duba ko darussan da yake ɗauka sun dace da abin da ya gano, tun ana iya canzawa kafin rajistar WAEC da NECO. Ya kuma aika da saƙon godiya ga malamin da ya fi amfana da shi, domin wataƙila shi zai rubuta masa wasiƙar shaida nan gaba.

Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, saboda haka yawancin yara ba za su samu ba, amma ana iya ƙulla makamancin shirin a gida. Shugaban makaranta yana iya rubuta wa shugaban wata tsangaya wasiƙa tun a zango na biyu, ya nemi a karɓi ɗalibai goma ko ashirin na kwana biyu ko uku a lokacin dogon hutu. A Zariya kaɗai, Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da cibiyar binciken dabbobi da asibitin koyarwa a Shika, a Kano kuma Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa. Wasiƙar ta bayyana adadin yaran da ajinsu, da malamin da zai raka su, da cewa makaranta ce za ta ɗauki nauyin mota da abinci, ta kuma roƙi a bar yaran su zauna da ɗaliban ajin ƙarshe da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na awa guda ba tare da jawabin manya ba. A haɗa da takardar amincewar iyaye mai sa hannu ga kowane ɗalibi, kuma idan asibiti za a shiga, a nemi izinin hukumarsa daban, domin nan akwai sirrin marasa lafiya da ba a buɗe wa baƙi.