Kurakuran da ake ta maimaitawa bayan an rage mutum daga aiki

Tun watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu da Yola da Abuja suka shiga rage ma'aikata. Jami'an lafiya, masu tattara bayanai, akantoci, direbobi, duk suka fito kasuwa lokaci guda da takardu kusan iri ɗaya, ga guraben sun ƙaranta. Wanda banki ya sallama, ko masana'anta a Bompai ko Kakuri, shi ma halin da yake ciki ke nan. Abin da ya gundure ni shi ne, yawancin asarar da mutane ke tafkawa a makonnin farko suke yin ta, da hannunsu, tun kafin su aika takardar neman aiki ko ɗaya.

Babban kuskuren yana faruwa ne a ranar da aka kira ka ofishin kula da ma'aikata. Zuciya ta ɗauki zafi, ido ya rufe, aka miƙo takarda, ka sa hannu ka fice. Kada ka sa hannu a ranar. Ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta, ka dawo bayan kwana biyu. Duba kalmar da aka rubuta da kyau: an rage ka ne saboda aiki ya ƙare, ko an kawo ƙarshen kwantiraginka, ko kora ce? Kora tana nufin ka yi laifi, kuma tabonta na bin mutum duk inda ya nemi aiki. Akwai kuma dabarar da ake yi wa mutane, a ce "rubuta takardar ajiye aiki da kanka don sunanka ya fita fes". Idan ka rubuta, a takarda kai ne ka tafi don raɗin kanka, kuma kana iya rasa kuɗin notis da na sallama. Ragin ma'aikata ba abin kunya ba ne da har za ka sayi rufin asiri da haƙƙinka.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya fayyace mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Idan ba a ba ka notis ba, a biya ka kuɗinsa. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin, kuma a bi ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara fita, tare da duba ƙwazo da cancanta. Dokar ba ta yanke adadin kuɗin sallama ba, tattaunawa ake yi. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa, takardar kwantiraginsu da kundin dokokin ma'aikatar su ne madogararsu, don haka ka nemo su ka karanta layi-layi. Idan an danne maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Kafin ka miƙa katin shaida da kwamfutar ofis, ka tabbata kana riƙe da takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da takardar sallama mai faɗin dalili, da takardun albashi na aƙalla wata shida na ƙarshe, da shaidar harajin da ake cire maka, da takardar shaidar aiki mai ɗauke da muƙami da kwanan wata. Kwashe lambobin mutanenka daga imel ɗin ofis, domin sau da yawa a ranar ake rufe shi. Sirrin ma'aikata kam ka bar musu kayansu. Me ya sa nake matsawa a kan wannan? Bayan wata uku ofishin yana iya rufewa gaba ɗaya, shugabanka ya koma ƙasarsu, ka rasa mai sa maka hannu a takarda ɗaya tak. A lokacin ne sabon wuri zai ce ka kawo shaida.

Sai fansho. Je wurin kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusunka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga gare ka, ma'aikata ta ƙara kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ana samun wuraren da suke cirewa ba sa turawa, kuma ranar rabuwa ce damarka mafi ƙarfi ta sa su cike giɓin. Idan ba ka kai shekara 50 ba, kuma ka yi wata huɗu ba ka sami wani aikin ba, kana da damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun, kuma takardar sallamar nan ita za a fara tambayarka. Ni dai ba na son a taɓa shi sai tura ta kai bango.

Kuɗin sallama kuma, raba shi gida shida tun ranar da ya shigo, ka fara cire kuɗin haya da na makarantar yara. Inshorar lafiyar ofis ta tsaya, ka ware na magani. Kada ka zuba shi a harkar da aka ce tana ninka kuɗi a wata ɗaya. Waɗanda suka shiga MMM a 2016 da CBEX a 2025 ba su gama kuka ba.

Ɓoye zancen wani kuskure ne. Mutum ya riƙa fita da safe da jaka don kada maƙwabta su gane, ko matarsa ba ta sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gurbi da yawa ta bakin mutane ake jin sa kafin a tallata shi. Rubuta sunayen mutum 30: tsofaffin shugabanni, abokan aiki, 'yan kwangilar da kuka yi hulɗa, abokan bautar ƙasa. Kira biyar a mako. Kuma ka daina cewa "in ka ji wani abu ka taɓa ni", ba wanda zai tuna. Ka ce aikin kula da sito kake nema, ko na akanta, a Kano ko Kaduna, kana iya farawa nan take, ga CV ɗinka.

Shi CV ɗin, shafi biyu ya isa. Tura guda ɗaya zuwa wuri ɗari ɓata data ne. Manyan wurare da yawa manhaja ce ke fara tace takardu, tana neman kalmomin da ke cikin tallar, don haka kowane gurbi ka gyara masa nasa. Rubuta abin da ka cim ma da lamba ta gaskiya: mutum nawa ka jagoranta, motoci nawa, kasafin naira nawa. Mai da shi PDF da sunanka a kai, ka rubuta kan saƙon imel yadda tallar ta ce, harafi da harafi. Wurare biyar a mako da aka yi wa shiri sun fi. Shafukan tallar aiki irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn da ReliefWeb sun wadatar, amma ka koma shafin ita ma'aikatar ka tabbatar tallar tana nan.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai: sayen ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Haba jama'a! Mutum mai digiri da shekara goma a bakin aiki ya sayar da fili ko gwal ɗin matarsa, ya tura miliyoyi asusun wani da bai taɓa gani ba, wai yana da hanya a Abuja. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a bainar jama'a yana binciken badaƙalar sayar da guraben aiki, kowa ya ji, amma har gobe ana faɗawa. Yadda abin ke tafiya sananne ne. A karɓi rabi, a turo maka hoton takarda mai tambari ta WhatsApp, a ce ka cika sauran kafin a sa ka a IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya. Daga nan sai "oga ya yi tafiya", sai waya ta daina shiga. Wanda ma ya shiga ofis da irin wannan takarda, ranar tantance ma'aikata asirinsa ke tonuwa, ya rasa aikin da kuɗin, wani lokaci har da tuhuma a kansa. Kuma da wane baki za ka kai ƙara, alhali rashawa ka bayar, wadda doka da addini suka hana? Ƙananan 'yan damfara su ma suna nan: kuɗin fom, kuɗin gwajin asibiti, kuɗin horo, gayyatar intabiyu ta saƙon waya kan aikin da ba ka nema ba, imel ɗin kamfani da ya ƙare da gmail. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ɗauke ka, rufe zancen. Idan adireshin intabiyun bai kwanta maka ba, ka bincika shi tukuna, ka gaya wa wani a gida inda za ka.

A wurin intabiyu kada ka zagi tsohon wurin aikinka, komai zaluncin da aka yi maka. Jimla biyu sun isa: tallafi ya tsaya, aka rufe sashenmu, ga abin da na iya. Kada ka sa sunan mutum a matsayin mai ba da shaida a kanka ba tare da ka kira shi ba. Kada ka raina kwantiragin wata uku ko shida, yana toshe giɓin da ke CV, kuma na ciki ake fara dubawa idan gurbi ya buɗe. Masu fitowa daga ƙungiyoyin ƙasashen waje su sani kamfanonin gida ba kasafai suke biyan irin wancan albashi ba. Lissafa abin da zai riƙe gidanka, ka sa shi a matsayin ƙasan da ba za ka sauka ba.

In an ba ka sabuwar ofa, tambayi ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. Duba tsawon lokacin gwaji da notis ɗin da aka rubuta, kuma kada ka ƙi wani tayin sai takardar ta zo hannunka da sa hannu. Ka ba su tsohuwar lambar fanshonka, kada ka buɗe sabon asusu, domin lamba biyu tana jawo wahala ranar da za ka karɓi kuɗinka.