Na'urar jin hayaƙi mai hawa intanet: yadda na ɗaure mata baki

Ƙanena da ke Amurka ne ya aiko mana da Nest Protect guda biyu, wato na'urar jin hayaƙi ta kamfanin Google, saboda yawan labarin da yake ji na mutanen da hayaƙin janareta ke kashewa cikin barci. Na kira wani yaro mai wayarin ya maƙala su a silin, na sallame shi. Sai ranar babbar sallah, Hajiya tana suyar nama hayaƙi ya cika falo, ga waya daga yaron nan: "Alhaji, lafiya dai? Na ga gidanku na hayaƙi." Ashe da asusunsa ya yi musu rajista. Wata biyu gidana yana cikin aljihunsa ban sani ba.

To abu na farko ke nan. Ko wa ya ɗaura maka, rajistar ta zama da imel ɗinka a wayarka. In an riga an yi da na wani, mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, ka sake daga farko. Haka ma ranar da za ka tashi daga gidan haya ko ka ba wani ita.

Sannan ka san abin da ke cikinta, don ba hanci kawai gare ta ba. Tawa tana jin motsin mutum, shi ya sa take kunna ɗan haske in ka wuce ƙarƙashinta da dare. Da wannan motsin, haɗe da wurin da wayarka take, manhajar ke gane ko akwai mutum a gida. Wannan ya fi damuna a kan komai, domin wanda ya shiga asusunka ya san lokacin da kuka tafi ƙauye. Ni na rufe wannan sashen, na kuma hana manhajar ganin inda nake. Akwai makirufo ma a ciki, kamfanin ya ce na gwada ƙarar jiniyarta ne. Ban ce ƙarya suke ba. Amma a 2019 an gano makirufo a wata na'urar tsaron gida ta Google mai suna Nest Secure, wanda ba a rubuta shi a jerin kayan cikinta ba, suka ce kuskure ne. Tun da na ji haka ba na sa ta a ɗakin kwana, tana dai bakin ƙofarsa.

Kalmar sirri kada ta zama wadda kake shiga Facebook da ita. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar nan da ake turo maka a waya. In rawutarka, wato akwatin da ke raba intanet a gida, tana da layin baƙi, ɗora na'urar a kansa, don kada ta haɗu da kwamfuta da wayoyin gida. Duba kuma waɗanda ka ba izinin shiga manhajar. Na tarar da tsohuwar wayar ɗana da ya sayar har yanzu tana ciki.

Kada tsoro ya sa ka cire mata batir. Kashe intanet ɗin gidan, danna maɓallin gwaji, za ka ji ta kwarma ihu yadda ta saba. Saƙon waya kawai za ka rasa. Ta ɓangaren Inna ma ban haɗa ta da intanet ba, tunda kullum akwai mutum a can.