Hawa jirgin ruwan shaƙatawa lokacin annoba: kurakuran da mutane suka dinga yi da yadda za ka gyara naka lissafin

Duk sanda annoba ta ɓarke kuɗin tikitin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa faɗuwa yake yi warwas, tafiyar kwana bakwai da a da sai wane da wane sai ka ga ta dawo daidai aljihun talaka, toh a nan ne fa mutane suke rufta. Ni dai na bi labarin jiragen nan sosai tun farkon korona a 2020, kuma abin da ya fi damuna shi ne kurakuran iri ɗaya ne ake ta maimaitawa, daga Baturen da ya saba hawa duk shekara har ɗan'uwanmu da ya tara kuɗi zai je Dubai ya hau karon farko.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne mutum ya tsaya yana tambayar kansa "zan kamu ko ba zan kamu ba?" sai ya ce ai ni matashi ne, lafiyata ƙalau, ko na kamu ma zan warke. Wallahi ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, in wani can da ban taɓa gani ba ya kamu a cikin jirgin, ni me zai same ni? Don a otal in abu ya ɓaci jakarka za ka ɗauka ka yi gaba, amma a jirgin ruwa ba kai ke da ikon sauka ba, ba ma kyaftin ɗin ba, hukumar ƙasar da kuka tunkara ita ke da wuƙa da nama. Ka duba jirgin Diamond Princess, mutum 3,711 ne a ciki da fasinjoji da ma'aikata, wani dattijo ya sauka a Hong Kong aka gwada shi aka ga yana da korona, shikenan aka tsare jirgin a tashar Yokohama ta Japan a farkon Fabrairun 2020 aka ce kowa ya zauna a ɗakinsa kwana 14, a ƙarshe mutum 712 suka kamu, sama da goma suka rasu. Na Westerdam ma ya fi ba ni tausayi, don su lokacin ba a ma tabbatar da mai cutar a cikinsu ba, tsoro ne kawai, amma Japan ta hana su tsayawa, Taiwan ta hana, Filifin da Guam da Thailand duk suka ce ba a nan ba, suka yi kusan mako biyu suna gararamba a teku sai da Kambodiya ta tausaya ta karɓe su a Sihanoukville ran 13 ga Fabrairu. Gyaran wannan ba wuya, kafin ka biya ko sisi ka zauna ka ɗora mako uku a kan kwanakin tafiyar, ka ce in na makale haka wurin aikina zai jure? wa zai riƙe min yara? kuɗin hannuna zai kai? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce to ka haƙura sai ƙura ta lafa.

Sai masu cewa ai an gwada kowa kafin a hau, don haka jirgin tas yake. Gwaji yana gaya maka halin da mutum yake ciki ne a ranar da aka ɗauki samfurin, wanda ya kwaso cutar jiya a filin jirgin sama yau gwajinsa zai iya fitowa lafiya lau, sai bayan kwana uku kuna tsakiyar ruwa ta bayyana. Haka aka yi da wani ɗan ƙaramin jirgi SeaDream I a Nuwamban 2020, shi ne ya fara komawa aiki a yankin Karibiyan daga Barbados, fasinjoji ba su da yawa kuma an gwada su har sau biyu kafin su shiga, duk da haka cutar ta ɓulla aka juya akalar jirgin aka soke sauran tafiye-tafiyen. Kuma a Diamond Princess kusan rabin waɗanda gwaji ya nuna suna da ita ba su da wata alama lokacin da aka gwada su, ba tari ba zazzaɓi, suna tafe garau. Don haka ka ɗauki gwaji da rigakafi a matsayin rage haɗari kawai, in ka hau ka ci gaba da sa takunkumi a wuraren cunkoso irin lifta da zauren wasa, ka ci abincinka a waje inda iska ke kaɗawa in da hali. Mutane suna ganin hoton jirgi a buɗaɗɗen teku sai su ɗauka iska ce ko'ina, alhali yawancin lokacinka a rufe za ka yi shi, cikin lungunan ɗakuna da ɗakin cin abinci tare da dubban mutane.

Wannan ya kawo ni maganar ɗaki. Mafi arha a jirgi shi ne na can ciki wanda ba taga ko ɗaya, kuma a lokacin lafiya ba laifi tunda kwana kawai za ka yi a ciki. Amma lokacin annoba wannan ɗakin shi zai iya zama duniyarka gaba ɗaya. Waɗanda ke irin waɗannan ɗakuna a Diamond Princess sai da aka tsara musu ɗan lokaci ana fito da su rukuni-rukuni su sha iska a mayar da su, ka yi tunanin kai da mai ɗakinka da yara biyu a wurin da bai fi shago ba, ba ka sanin dare ya yi ko gari ya waye sai ka duba agogo. In kuɗinka bai kai na ɗaki mai baranda ba, ni shawarata ka fasa tafiyar ta fi maka alheri.

Maganar kuɗi kuwa nan aka fi kwasar mutane. Da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta dakatar da tashin jirage ran 14 ga Maris 2020, kamfanoni da yawa suka ba fasinjoji zaɓi biyu, ko a mayar maka da kuɗinka cif, ko a ba ka takardar da za ka yi wata tafiya da ita nan gaba har da ƙari, wasu suna ba da kashi 125 cikin ɗari na abin da ka biya. Kwaɗayin ƙarin nan ya ja mutane da yawa suka zaɓi takardar, ba su lura tana da wa'adi ba, ba su lura in farashi ya tashi ƙarin ya tafi a banza ba, uwa uba in kamfanin ya durƙushe takardar sai dai ka shiga layin masu bin bashi. Kamfanin jiragen ruwa na Crystal Cruises ya tsaya cak a farkon 2022 bayan uwar kamfaninsa Genting Hong Kong ta karye, har jirginsa Crystal Symphony ya kauce wa Miami ya nufi Bahamas da fasinjoji a ciki saboda ana jiran a kama shi kan bashin mai. Kuɗi a hannu ya fi alkawari, in an soke ka ce a dawo maka da naka. Kuma in ta hannun ejan ka biya, ka sa ya rubuta maka ƙarara wa zai mayar da kuɗin, cikin kwana nawa, da wane irin kuɗi, don in ka biya da dala aka mayar maka da naira bayan wata takwas kai ma ka san abin da ya rage.

Inshorar tafiya ma haka, mutane suna saye don kawai a ga sun haɗa takardu ba sa karantawa. A farkon korona inshora da yawa ba ta ɗaukar asarar da annoba ta jawo, kuma kusan duk ba sa biyan wanda ya fasa tafiya don tsoro kawai. Ka nemi a nuna maka a rubuce cewa tana biyan jinya in cutar ta kama ka, tana biyan kuɗin otal in an killace ka a wata ƙasa, tana biyan ɗauke ka daga jirgi zuwa asibiti a tudu. Asibitin cikin jirgi ɗan ƙarami ne kuma ba kyauta ba ne, ana rubuta maka kuɗin a lissafin ɗakinka, ba a gina shi don kwantar da mutane da yawa masu buƙatar iskar oksijin a lokaci guda ba.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye mu masu koren fasfo, kuma shi ne ba na jin ana faɗa. Da abin Diamond Princess ya tsananta Amurka ta turo jiragen sama ta kwashe mutanenta sama da 300, Ostireliya da Kanada ma suka yi haka. Kai fa wa zai turo maka? Sannan jirgi zai iya ƙarewa a tashar da ba ita aka tsara ba, a ƙasar da ba ka da bizarta, wasu suna sauka suna wucewa filin jirgi kai kana tsaye ana waya a kanka. Ko ka sauka lafiya ma hanyar gida za ta iya rufewa, a Maris ɗin 2020 Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba, kuma a Disamban 2021 da nau'in korona na Omicron ya fito cikin 'yan kwanaki Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga. Don haka ka zaɓi tafiya gajera wadda za ta tashi ta dawo tasha ɗaya, a ƙasar da bizarka ke da sauran kwanaki masu yawa bayan ranar dawowa, tikitin jirgin samanka ya zama mai canzuwa, kuma katin bankinka ya zama wanda ka tabbatar yana aiki a waje.

Magani kuma ka ninka, mai hawan jini ko ciwon suga da ya ƙirga ƙwayoyin kwana bakwai cif ya shiga jirgi ya yi ganganci, a Yokohama sai da hukuma ta dinga haɗa wa mutane magungunansu ana kai musu saboda nasu ya ƙare. Ka riƙe na wata guda da takardar likita. Kuma don Allah masu son faranta wa iyaye, kar ka ga arha ka ce bari in kai Baba da Hajiya su huta, waɗanda suka rasu a jiragen nan yawancinsu dattawa ne, ka ajiye musu kyautar zuwa lokacin da abin ya wuce.

In kuma ka riga ka hau, kar ka ɓoye ciwo don gudun a kulle ka a ɗaki. Na san da ciwo mutum ya biya kuɗi ya ƙare a killace, amma haƙƙin mutane ne a wuyanka, har da ma'aikatan da ke kwana su biyu ko fiye a ɗan ɗaki ɗaya suna kawo maka abinci. Ruby Princess ta sauke fasinjoji kusan 2,700 a Sydney ta Ostireliya ran 19 ga Maris 2020 tun sakamakon gwajin marasa lafiyar cikinta bai fito ba, kowa ya hau mota da jirgi ya nufi garinsu, daga baya aka danganta ɗaruruwan masu cutar da mutuwar mutum 28 da wannan sauka ɗaya. Dokokin fita yawo ma ka bi su sau da ƙafa, da MSC Grandiosa ya koma aiki daga Genoa ta Italiya a Agustan 2020 wasu iyali suka ɓalle daga ayarin da aka fita da su a Naples suka yi nasu yawon, da suka dawo aka hana su shiga jirgin.

Abu na ƙarshe da mutane ke tsallakewa shi ne duba abin da hukumomin lafiya suke cewa a makon tafiyar, ba ranar da suka biya kuɗi ba, kuma ba abin da tallan kamfani ke cewa ba. Jirage sun dawo aiki daga Amurka tun Yunin 2021 kowa yana ganin an wuce wurin, sai ga shi ran 30 ga Disamban shekarar CDC ta fito ta ce kowa ya guji hawa ko da ya yi rigakafi. Wanda ya biya tun Oktoba ya ga irin wannan sanarwa ana saura kwana biyar, ya kira kamfanin a ranar ya tambayi sharaɗin ɗage tafiya kafin wa'adin sokewa ya wuce shi.