Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen zanen Mustang da Me 262

Cikin masu tara zanen jiragen Yaƙin Duniya na Biyu zanen jirgin Mustang na Amurka yana fafatawa da jet ɗin Me 262 na Jamus yana da farin jini sosai, kuma a nan ana yawan cutar mutane, wani lokacin dila ne ya cuce ka, wani lokacin kai ne ka cuci kanka. Yawanci ido ne ke saye, mutum ya ga wuta da hayaƙi da gajimare ya tura kuɗi bai tambayi komai ba.

Babban kuskure shi ne rashin sanin yadda aka yi faɗan. Messerschmitt Me 262 ya shiga yaƙi ne a tsakiyar 1944, injin jet biyu gare shi ƙirar Jumo 004, yana gudun wajen kilomita 870 a awa, shi kuwa P-51 Mustang mai farfela iyakarsa wajen 700. Toh ka ga idan aka zana maka Mustang ya biyo jet a sararin sama can ƙololuwa yana cim masa a miƙe kamar ana tsere, sai ka yi tambaya. Galibi ba haka ake kama shi ba. Injin jet ɗin nan ba ya son a danna masa wuta da sauri, yana iya mutuwa ko ya kama da wuta, saboda haka lokacin tashi da lokacin sauka jirgin ba shi da kataɓus, nan matuƙan ƙawance, wato Amurka da Birtaniya da abokansu, suke fakonsa. Urban Drew, matuƙin Mustang, ya harbo biyu ranar 7 ga Oktoba 1944 suna tashi daga filin Achmer a Jamus. Chuck Yeager, shi ma matuƙin Mustang, ya samu nasa ranar 6 ga Nuwamba 1944 yana shirin sauka. Abin ya dami Jamusawa har rundunarsu ta jet mai suna JV 44, ta Janar Adolf Galland, ta ware jiragen farfela Fw 190 masu jan ciki da fararen layuka don su riƙa gadin fili yayin da jet ke tashi da sauka. Ba wai ba a taɓa harbo Me 262 a sama ba, an yi, ranar 24 ga Maris 1945 matuƙan Tuskegee, baƙaƙen fatan Amurka masu jajayen wutsiyar jirgi, sun rako jiragen bama-bamai daga Italiya har Barlin, Roscoe Brown da Charles Brantley da Earl Lane kowa ya kakkaɓo ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne, zanen kirki yana zuwa da rana da wuri da sunan matuƙi, ka ɗauki wannan bayanin ka bincika kafin ka biya. Wanda aka rubuta masa kawai "faɗan sama a Jamus" ado ne, ka biya shi kuɗin ado.

Akwai kuma zanen abin da bai taɓa faruwa ba sam. Gloster Meteor na Birtaniya jet ne, ya yi aiki a 1944 yana farautar bama-baman Jamus masu tashi da ake kira V-1, amma bai taɓa gwabzawa da Me 262 a sama ba, haka P-80 na Amurka bai shiga faɗa ba har aka gama yaƙin. In ka ga jet da jet suna musayar wuta an rubuta 1945, tunanin mai zane ne, ba laifi in ka san hakan kake saye. Wasu kuma suna rikita Me 163 da Me 262, shi 163 ɗan guntu ne mai injin roka, ba jet ba ne.

Ƙananan alamomi ma suna tona asiri. Rokokin R4M da ake jerawa ƙarƙashin fikafikan Me 262 sai Maris 1945 aka fara harba su a faɗa, ganinsu a zanen kaka ta 1944 kuskure ne. Baƙi da farin layukan nan na D-Day, ranar da sojojin ƙawance suka sauka Faransa, da ake shafa wa jiragen ƙawance an goge na saman fiffike jim kaɗan bayan Yuni 1944, Mustang ɗin 1945 ɗauke da su cif-cif sama da ƙasa bai zauna ba. Amma dan Allah kada ka zama mai tsanani fiye da kima, duk masu zane suna matso da jiragen kusa da juna fiye da yadda suke a gaske, in ba haka ba ɗigo biyu kawai za ka gani a takarda. Wannan ni ban ɗauke shi aibi ba.

Yanzu maganar kuɗi, wato sa hannu. A wannan harka sa hannun tsoffin matuƙa shi ne ke ɗaga farashi, masu zane irin su Robert Taylor da Nicolas Trudgian sun fitar da bugu da yawa, wato kwafin zane da aka buga a takarda, waɗanda matuƙan da suka yi yaƙin suka sa wa hannu da fensir a farin gefen ƙasa. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar kowane sa hannu daidai da kowane. Akwai wanda matuƙin ya riƙe takardar da kansa ya sa, akwai wanda aka yanko daga wata wasiƙa ko kati aka saka cikin kwalin firem, akwai kuma wanda inji ya buga tare da hoton. Na biyun halal ne in an faɗa maka, amma darajarsa ba ta kai na farko ba, na ukun kuwa fosta ce kawai. Ka nemi dila ya turo hoton sa hannun kusa-kusa an haska shi ta gefe, fensir yana ɗan sheƙi kuma yana barin sawu a takarda, na inji kuwa in ka zuƙo shi za ka ga ɗige-ɗige. Sannan ka yi lissafin shekaru, cikin matuƙan Jamus Johannes Steinhoff ya mutu 1994, Galland 1996, Walter Krupinski 2000, cikin na Amurka kuwa Roscoe Brown 2016, Yeager 2020. Bugun da aka fitar a 2010 aka ce maka ga hannun Galland a jikinsa, sai an yi maka gamsasshen bayanin yadda aka yi. Satifiket ɗin da ke biyo zane kuwa kowa na iya buga shi a kwamfuta, amfaninsa sai in lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta zanen kuma kamfanin da ya buga sananne ne.

Lambar nan irin 12/500, wato bugu na 12 cikin 500, da mutane ke rububi, wai ƙaramar lamba ta fi kyau, ba wani bambanci a bugun inji, na 12 da na 480 duk ɗaya suke. Abin da ke da ɗan fifiko shi ne mai alamar AP, kason mai zane, da wanda ya ƙara wa ɗan zanen fensir da hannunsa a gefe, dilolin suna rubuta masa remarque. Kuma a daina kiran bugu "orijinal", orijinal shi ne kyallen da aka shafa wa fenti, guda ɗaya ne tak, farashinsa wata duniya ce daban. Masu saye don wai kadara ce za ta ninka, hmm, da yawa daga cikin bugun nan ana sayar da su a gwanjon intanet ƙasa da kuɗin da aka fitar da su.

Inda aka fi ba ni haushi shi ne bayan kaya ya iso. Mutum ya kashe daloli sannan ya kai wa mai firem na bakin titi, shi kuma ya ga farin gefen ya yi yawa ya datse shi da reza don ya shiga firem ɗin da yake da shi, ko ya shafa gam ya manne shi da katako, ko mafi muni a yi masa laminatin kamar takardar makaranta. Wallahi duk wanda aka yi wa ɗaya cikin ukun nan ya tashi daga abin tarawa, kuma babu gyara. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru zai bar rawayan tabo. Ka tsaya a kan mai firem, ka ce kwali marar asid kake so, a riƙe takardar ta kusurwa ko da 'yar takardar maƙalawa ta sama kawai, kuma a bar tazara kada hoton ya taɓa gilashi, in ya taɓa danshi zai manne su. Gilashi mai tare hasken rana ya fi, in babu shi ka rataye a bangon da rana ba ta dukansa, domin ja da rawaya ne ke fara koɗewa, jar wutsiyar Tuskegee ta koma kalar hoda. A ƙasashenmu sai ka ƙara da rufe bayan firem ruf saboda ƙurar hunturu da kyankyaso, ka kuma nisanta shi da bangon da ke tsatsafo da ruwa da damina, daga nan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa ke fitowa.

In a naɗe ya zo cikin bututun kwali kada ka bar shi ciki wata da watanni, kuma kada ka tanƙwara shi baya da ƙarfi. Ka wanke hannu ka shanya, ka zaro shi a hankali ka shimfiɗa a tebur tsakanin fararen takardu masu tsabta, ka ɗora littattafai a kusurwoyi, cikin 'yan kwanaki zai kwanta da kansa.