Yadda za ka sa PLC (ƙaramar kwamfuta mai sarrafa injina) ya riƙa ƙirga awannin da famfo ya yi yana aiki

Jama'a masu haɗa fanel ɗin burtsatse a Kakuri ta Kaduna da kewaye, kar ku sa taima TON (mai ƙirga lokaci a cikin PLC muddin sigina na shigowa) a wannan aikin, da famfo ya tsaya sai ta koma sifili, aikin banza kenan.

Da farko ka ɗauko sigina daga ƙaramin kontak ɗin kontakta (makunnin da ke ba famfo wuta), ba daga umarnin kunnawa ba, don wani lokaci PLC ya ce kunna amma obalod (na'urar da ke yanke wuta in lodi ya yi wa famfo yawa) ya katse, famfo na kwance kai kana ta ƙirga masa awa.

Taima TONR ta kamfanin Siemens tana riƙe lissafi ko famfo ya tsaya, amma wajen kwana 24 take cika. Ni dai abin da nake yi, na kunna bit ɗin agogo (siginar cikin PLC) mai bugawa sau ɗaya a sakan, duk bugu ɗaya in famfo na juyawa a ƙara 1 a lissafin sakanni (a farkon bugun kawai fa, in ba haka ba kowane zagayen sikan, wato duk lokacin da PLC ya sake bin shirinsa daga farko, zai ƙara), ya kai 3600 a ƙara awa ɗaya a DINT (ma'ajiyar lamba mai ɗaukar adadi babba) a share sakannin.

Sannan ka yi wa lissafin sakanni da na awanni alamar Retain (wato kar su goge in an ɗauke wuta), don ka san halin NEPA a garin nan. Maɓallin riset kuma ka sa masa fasuwod, yaran shago akwai taɓe-taɓe.